Daga Rabah Zuwa Goronyo Neman Motar Rimot

Ana sallame sallar asuba muka bar Wurno, mu uku, a cikin wata tsohuwar mota da warin albasa ya riga ya kama kujerunta. Mai motar ƙanin matata ne, sana'arsa ke nan jigilar buhuna daga fadama zuwa kasuwa. Na ukunmu shugaban ƙungiyarmu ne, tela, mutum mai ƙarancin magana da yawan doka.

Ga waɗanda ba su san mu ba, mu tara ne a Wurno da muke tseren ƙananan motocin rimot duk Asabar bayan la'asar, a wani fili da ake sussukar shinkafa a bayan gari. Mun yi masa kwana-kwana da tsofaffin tayoyin babur, muka tara ƙasa wuri biyu don motoci su riƙa tsallakewa. Na ce "mu", amma gaskiya ba na cikin taran, shekara guda ke nan ina bin su ba ni da mota. Aikina in tsaya a tsakiyar fili, duk wadda ta kife in ruga in tayar da ita. Shekarata arba'in da shida, malamin lissafi ne ni, gwiwoyina kuma sun fara kai ƙara. Bana ɗan abin da na shuka na albasa a bakin ruwa ya yi albarka, uwargida ta ce in saya sau ɗaya in huta, in kuwa na kwaso wadda ba ta yi ba, kada in ƙara tayar mata da zancen. Ga shi ranar Juma'a za a rufe rubuta sunayen masu shiga tseren bana. Mun ji labarin motoci biyu na sayarwa, ɗaya a Rabah, ɗaya a Goronyo. Makaranta na hutu, sai muka ce mu je mu gan su da ido a rana guda.

Hanyar Rabah ba ta da nisa a baki, amma tana da nisa a ƙugu. Inda kwalta ta rage, ramuka ne. Inda ta ƙare, ya fi sauƙi. Hagu da dama sai ƙarar injinan ban ruwa, da mutane sunkuye cikin albasa tun rana ba ta fito ba, da jakuna ɗauke da buhunan da suka fi su girma. Mun tsaya a wani ƙauye muka sha kunu da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har ƙanin matata ya ɗaga ɗaya ya tambayi mai tuyar ko yayyensa sun tafi ci-rani. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ya je ya tambayo kuɗin wake da man gyaɗa tukuna.

Mai motar Rabah matashi ne mai shagon injinan ban ruwa, sakin fuska gare shi ƙwarai. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya shiga ciki ya fito rungume da ita kamar jaririya. Ja ce, ƙatuwa, tana ƙyalli, ƙafafunta huɗu duk suna ja. Ba batir take amfani da shi ba, ɗan inji gare ta na gaske mai shan wani mai na musamman da ake kawo masa daga Legas. Ina ganinta na ji na gama zaɓe.

Shugaba ya matso kusa da kunnena ya ce, "Malam, wagga ba ta shiga hilinmu. Doka tac ce mai batir, kuma girmansu guda."

Na ce masa doka mutane suka yi ta, ana iya zama a gyara. Shugaba ya koma ya zauna.

Muka ɗunguma zuwa filin ƙwallo don a gwada. A nan muka gane tayar da ita ma aiki ne. Sai an ɗumama filogi da wani ɗan ƙarfe, sai an ja igiya, sai an murɗa wani ƙaramin noti an sake ja. Matashin ya ja har gumi ya jiƙa masa riga. Rana ta ɗago, inuwar da muka laɓe ta gudu ta bar mu. Kusan minti arba'in muna tsaye kafin ta kama. Da ta kama kuwa, sai da awakin da ke kiwo a gefen fili suka watse. Ban taɓa ganin abu mai gudu haka a ƙasa ba. Ta yi zagaye biyu tana hayaƙi mai ƙamshi-ƙamshi, a na uku mai ita da kansa ya kasa karya kwana, ta daki ƙarfen raga. Tayar gaba ta kwanta gefe guda.

Ya ɗauko ta yana juyawa, ya ce hannun da ke riƙe tayar ne ya karye, ba komai ba ne. Shugaba ya tambaye shi ina ake samun wani. Ya ce sai an yi oda. Kwana nawa? Ya sosa ƙeya ya ce na ƙarshe da ya aika wata biyu ya yi. Man fa? Rabin galan ya rage masa, kuma mai kawowa ya daina ɗaukar waya.

Kunya ta hana ni duban shugaba. Amma in faɗi gaskiya, har muka shiga mota ina waiwayen ta.

Daga nan muka juyo arewa, muka ratsa ta gefen garinmu ba mu tsaya ba, muka hau hanyar Goronyo. Zafin bazara ya sauko da gaske. Gilashin ɓangarena ba ya sauka, ruwan da muka ɗauko a gora ya zama kamar na wanka. Muna cikin haka tayar baya ta sace. Safaya kuma, in ji mai motar, tana nan lafiya lau a gida. Muka tura zuwa gindin wata bishiyar bedi inda wani mai faci ɗan ƙauyen Boyekai ya kafa rumfa. Yana aiki yana tambayarmu ko ta'aziyya za mu, don ya ga fuskokinmu. Da ƙanin matata ya gaya masa abin da ya fito da mu, ya ajiye guduma ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Motar wasa? Ta ɗiyanka?"

Na ce tawa ce.

Ya ce, "To, Allah shi ba da sa'a," da irin muryar da ake yi wa marar lafiya.

Sai bayan azahar muka shiga Goronyo. Muka yi sallah, muka ci soyayyen kifi da yaji a tsaye, don an riga an gaya mana kada mu bari yamma ta yi mana a hanya, kowa ya san yadda hanyoyinmu suke yanzu. Mun hango dam daga nesa. Ruwan ya ja baya sosai, ya bar wani farin zobe a jikin duwatsu, masu kwalekwale suna can ƙasa kamar an ajiye su a kwano.

Mai mota ta biyu dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin kula da ƙofofin ruwa. Gidansa na kusa da wata ƙaramar hanyar ruwa da ke shiga gonaki. Ya ce tun lokacin da ake ginin dam wani injiniya baƙo ya nuna masa irin wannan wasa, abin ya shige shi bai fita ba. Da ya fito da motar, raina ya ɓaci. Ƙarama ce, launinta ya koɗe, murfinta duk ƙarzuwa, an ɗaure bayansa da waya. Ƙafafun baya kaɗai ke ja. Bayan ta Rabah, sai na ga kamar an nuna mini ingarma an dawo an miƙo mini jaki.

Shugaba kuwa ya durƙusa. Ya juya ta, ya matsa ta ƙasa ya saki ya ga yadda take dawowa, ya girgiza tayoyi ɗaya bayan ɗaya. Dattijo ya kawo wani gwangwanin madara cike da kayan gyara, hannaye na gaba da na baya, giyoyi, notuna a ƙulle cikin leda, da batir biyu, da caja mai aiki da sola ko batirin mota. Shugaba ya ɗago ya ce mini mutum huɗu a ƙungiyarmu irinta suke da ita, duk abin da ya karye ranar Asabar akwai wanda zai ciro daga aljihu.

Na tambayi kuɗinta don a gama. Dattijo ya ce, "Ba mu kai nan ba, ɗana. Ka taɓa tuƙi?"

Na ce ina taɓa na abokai.

Ya sa aka jera tubala huɗu a fili bayan gidan, ya ce in zagaye su sau biyar ba tare da ta kife ba. In na yi, sai a yi maganar kuɗi. In ban yi ba, in sha ruwa in koma gida, don ba zai ba da ita ga wanda zai kashe ta cikin mako guda ba.

Shekara guda ina kallon mutane suna kifewa ina yi musu dariya a zuci. Zagaye na farko na kife. Na sake, na kife a na biyu. Yatsana ba ya jin magana, da na ga hanya ta miƙe sai in matse kunamar rimot har ƙarshe. A gwaji na uku bayanta ya zame, na juya sitiyari ta inda bai kamata ba, ta haye gaɓa ta faɗa cikin hanyar ruwa. Ruwan bai kai idon sawu ba, amma laka ce zalla.

Na tsamo ta. Na ɗauka shi ke nan, na lalata kayan mutum kuma na rasa Juma'a. Dattijo bai ɗaga murya ba.

"Cire batir. Shi a farko, kullum. To, zamna ka kwance ta."

Na zauna a tabarma da sukuddireba. Bai taɓa ta ba ko sau ɗaya, da baki yake nuna mini. Wannan noti kafin wancan. Wanke nan, kada ruwa ya taɓa can. Goge, busa, ɗiga mai. Sai a lokacin na lura ba kallon hannuna yake yi ba, kunne yake kasawa, in na ajiye abu ya lalubo shi da yatsa ya gane ko mene ne. Na tambaye shi dalilin da zai sayar.

Ya ce, "Ido, ɗana. In ta wuce iccen can, ban sanin ina gabanta ina bayanta. Watanni shidda tana cikin ɗaki. Mi a amfaninta nan?"

Mun fi awa guda a kai. Aka kira la'asar muka yi a nan ƙofar gida. Ƙanin matata sai kai da komo yake yana duban rana, yana cewa, "Yaya, mu tahi hakanan, don Allah." Bayana ya ƙage, idona na yaji saboda gumi. Da na ɗaura noti na ƙarshe aka sa ɗaya batirin, ta motsa. Dattijo ya ce saura gwaji ɗaya, kuma in yi tafiyar da mai ɗauke da ƙwai zai yi.

Haka na yi. Zagaye biyar, a hankali har abin ya ba ni kunya, wata kaza ma ta tsallaka gabanta ba ta yi sauri ba. Amma ban kife ba.

Kuɗin da ya faɗa bai kai rabin na Rabah ba, har da gwangwanin da caja. Ban taya ba. Kafin in ɗauka ya ce in ba shi rimot ɗin. Ya tsaya ya zagaya da ita kusa da ƙafafunsa, ƙananan zagaye uku masu tsabta, ya tsayar da ita daidai kan babban yatsansa. Sannan ya miƙo mini ya shige gida, bai tsaya rakiya ba.

Muka kamo hanyar gida. Ƙanin matata ya taka motar fiye da yadda take so, shugaba ya yi barci baki buɗe, ni kuma ina riƙe da kayana a cinya, kowane rami sai na ji shi a ƙashin baya. Ana kiran magariba muka shigo Wurno. Shugaba ya fito da ɗan littafinsa a ƙofar shagonsa ya rubuta sunana, na goma.

Masu tambayata wace iri za su fara saya, ga abin da yinin nan ya koya mini. Ku fara zuwa filin da za ku yi tsere ku ga abin da doka ta yarda da shi da abin da mutanen wurin suke tuƙawa, tun kafin ku kalli hoton kowace mota. Ku tambayi inda ake samun abin da zai karye, don zai karye. Kada gudu ya ruɗe ku, wanda bai iya ba ko marar gudun ta fi ƙarfinsa, ni shaida ne. In da hali ku saya a hannun wanda zai zaunar da ku ku kwance ta ku ɗaura. Kuma ku duba safaya kafin ku bar gida.

Na yi sallah, na zube a tabarma ko tuwo ban iya jira ba. Ido ya fara rufewa ke nan waya ta yi ƙara. Dattijon Goronyo ne. Bai tambayi yadda muka iso ba.

"Ɗana, ka cire batir?"

Ban cire ba. Na tashi.