Ranar da Baba Ya Karɓi Irinsa

Na manta abubuwa da yawa na zaman da muka yi a Mubi, har da fuskokin wasu maƙwabta, amma akwai wuni guda da aka yi ana ruwa wanda ba zai fita raina ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa.

Mu mutanen Tanut ne, can arewa da Damagaram a Nijar. Bayan babban farin nan da ya cinye mana gona da dabbobi, mijina ya tsallaka Nijeriya ya samu aikin lodi a kasuwar shanu ta Mubi, lokacin ana ce wa jihar Gongola. Da ya kama ɗaki a unguwar Lokuwa ya aiko in taho, ni kuwa na ce ba inda za ni in bar mahaifina. Haka aka ɗora Baba a mota, yana kwance fuska rufe da rawani har muka iso.

Baba ba ciwo yake yi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya dai daina cin abinci sai kurɓar kunu, ya juya baya yana kallon bango. Yana da wata 'yar jakar fata ta irin gero, wadda ya hana a taɓa ko lokacin da muke dafa ganye mu ci. Ranar da muka sauka ya miƙo min ita ya ce, "Riƙe, 'yata. Ni na gama shuka, an rufe sama." Duk wanda ya san manomi ya san wannan wasiyya ce. Na tura jakar ƙasan akwati ina haɗiye kuka.

Cikin damina muka iso, amma sai aka yi 'yan kwanaki ba ruwa. Ran nan da safe mijina ya fita ke nan hadari ya gangaro daga duwatsun gabas. A wajenmu ruwa baƙo ne mai gaggawa, kafin ka shimfiɗa masa tabarma ya tafi. Don haka ɗigon farko na bugun rufin kwano na yi waje da tukwane, ƙwarya, bokiti, buta, har kofin shayi ban bari ba. Ina waiwayawa sai ga Baba a tsakar gida yana tangaɗi, riƙe da akushin da ya ƙi cin abinci a cikinsa.

Mai gidan da muke haya wata dattijuwa ce Kirista daga duwatsun Michika, kowa Mama yake ce mata. Tana zaune a baranda tana gasa masara a kasko, 'ya'yanta mata na kitso, ruwa na kwarara daga indararo yana bin ƙasa ba wanda ya ko kalle shi. Baba ya ɗaga murya, muryar da na yi watanni ban ji ba: "Baiwar Allah! Ruwa na zuba a ƙasa kuna zaune?"

Mama ta yi dariya har da tafa hannu. "Baba, bari shi ya tafi. Gobe ma zai zo."

"Gobe?"

"Gobe, jibi. Mu ma mun gaji, kaya ba ya bushewa." Baba ya yi istigfari a madadinta. Ta juyo gare ni ta ce da irin Hausarta, "Kai kuma yarinya, shigo da baban ka, za ku yi mura."

Ba mu shiga ba sai da komai ya cika ya tumbatsa, ba sauran abin tarawa. Ruwan kuwa ko gezau. Na tsaya sororo, don ban taɓa ganin ruwa ya fi ƙarfin tukwanenmu ba. Dole muka zauna a barandar Mama, aka lulluɓa wa Baba bargo.

Wallahi ban san ana zama haka ba. Ba iska, ba tsawa, ruwa kawai yake sauka a natse kamar an ba shi aikin wuni. Kwaɗi na kuka da rana tsaka. Duwatsun nan su ɓace cikin gajimare, can su sake bayyana da farin ruwa yana gangarowa a jikinsu. Wani gurnani na tasowa daga nesa, Mama ta ce mayo ne, wato kogin garin, ya cika. Aka kira azahar ana ruwa, aka kira la'asar ana ruwa. Tsigar jikina ta riƙa tashi, ina jin girman Allah yadda ban taɓa ji ba. Baba ya miƙa tafin hannunsa ƙarƙashin indararo ya bar shi a nan, hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

Mama ba ta lallashe shi ba. Ta dai ɓare masara mai zafi ta ajiye a gefensa, ta ci gaba da fifita garwashi. Na kau da kai ina addu'a a zuci. Da na saci kallo sai na ga totuwa kawai a hannunsa, yana hararar kaskon.

Wajen yamma, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Ina jakar nan?"

Na ce tana akwati.

"Dawo min da ita. Ke me kika sani a shuka?"

Ban taɓa jin daɗin gori irin na ranar ba. Mama ta ce lokacin gero ya wuce, ya ce namu ya saba da gaggawa, ita dai ta ba shi filin bayan madafa ta gani. Ta ba shi. Rabi ya shuka, rabi ya ƙulle ya ce na gida ne. Ya koma Tanut, a gonarsa ya zuba shi da damina ta zagayo, kuma ya ga damina da yawa bayan wannan.

Abin da na koya shi ne, don rahama ba ta sauka a kan rufinka ba, kada ka yanke cewa an rufe sama. Har yau in hadari ya taso ina fitar da bokitaina, hali zanen dutse. Amma in sun cika nakan jawo tabarma bakin ƙofa in zauna, in bar sauran ya tafi.