Farfelar da Ba a Murza Ba

Har gobe in na ji warin kalanzir gauraye da baƙin mai, sai na tsinci kaina a bayan gidanmu na ƙauye, gefen Kiyawa, gindin tsamiyar da jirgin kakana yake. E, jirgin sama nake nufi, kada ku yi dariya. Ƙaramin jirgin feshin jan-baki ne, tsuntsayen nan masu cinye gero. Ya sauka dole a fadama tun ba a haife ni ba, masu shi suka ɗauke matuƙin, ba su sake waiwayo ba.

Kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, ya yi aikin kanikanci a filin jirgin Kano da ƙuruciyarsa. Shekarar da aka ba mu jiha ya sa shanun huɗa suka jawo jirgin gida. Da rani ya kwance injin, ya wanke ƙarafan ɗaya bayan ɗaya a tsohuwar tasa. Da damina ya lulluɓe shi da zana, ya tafi gona. Bai taɓa cewa zai tashi sama ba. Burinsa ɗaya, ya ji injin nan ya yi kuka.

Ni ce jikarsa ta fari, don haka amarya yake ce mini. "Amarya, ran da injin ya tashi, ke ce a kujera."

Shekara bakwai ana abu ɗaya, yana gyara, yanar ido tana rufe masa gani a hankali. Har ya kai ga da yatsu yake gane kusoshi. Da ya gama, bayan girbi, ko tafin hannunsa ba ya gani.

To, irin wannan jirgin ba makulli ke tayar da shi ba. Sai mutum ya tsaya a gabansa ya fizgi farfela da hannu, ya yi baya da sauri. In ya makara, hannu ya tafi. Duk garin Baba Tsoho kaɗai ya iya.

Ran nan da hantsi aka zuba mai, gari ya taru. Baba Tsoho ya lalubo farfelar, ya yi bisimilla. Sai Baba, mahaifina, ya riƙe masa hannu.

"Don Allah, Baba, ka yi haƙuri. Ba za mu tsaya muna kallo ba."

"To kai zo ka murza. Zan gaya maka yadda ake yi."

Baba ya ɗora hannu, ya sauke. Baffana ya sunkuyar da kai. Samarin da suka cika baki kuwa, kowa ya ja da baya. Ina tsaye da ƙanena a goye, wallahi ji na yi kamar in kurma ihu. Ban ga laifin Baba ba, ban ga na tsohon ba, kuma babu abin da zan iya.

 Can Baba Tsoho ya ce, "Ku juye man, kada ya lalace."

Bai ƙara damina biyu ba, Allah ya jiƙansa. Jirgin kuma 'yan gwangwan suka kwashe shi a kura.

Yanzu Dutse da filin jirginta, alhazai na tashi ta kan rufinmu, yara ko ɗaga kai ba sa yi. In na ba 'ya'yana labarin nan, tambayarsu ɗaya ce: "Umma, da an murza, zai tashi?" Ban sani ba. Shi ma da ya gyara, haka ya tafi bai sani ba.