Ruwan randar da aka hana Yaya Mamman

Shekara tara ke nan da muka binne yayana Mamman a Kiéché, kuma har yau in na ɗaga moɗa a bakin randa sai ya faɗo mini a rai.

Tari ne ya kama shi, ya ƙi sakinsa. Kawu Idi, wanda maganarsa ce doka a gidanmu, ya yanke hukunci: sanyi ne ya shiga ƙirji. Daga ranar aka hana shi ruwan randa. Sai ruwan zafi, sai bargo, a tsakiyar bazarar Arewa! Da aka kai shi Yamai lokotoro ya ce kansar huhu ce, ta yi nisa, a maido shi gida a ba shi abin da ransa ke so. Kawu ya ce lokotoro yaro ne.

Wata rana da azahar Yaya ya riƙe mini hannu, leɓensa duk ya tsattsage. "Rabi, ko kurɓi ɗaya." Na hau kabu-kabu har garin Dutsi, na sayo ƙanƙara a leda. Kawu ya tare ni a zaure. "Kashe shi za ki yi?" Ya karɓe ya watsar a turken jaki. Yaya yana kallo ta ƙofar ɗaki.

Bana jikan Kawu ya nuna mana bidiyo a waya. Wai a ƙasashen waje akwai na'ura mai hannu, lokotoro na sarrafa ta, ta kai siririyar allura cikin huhu daidai kan ƙarin, ta daskarar da shi ya mutu, ba a tsaga ƙirji ba. Kawu, da robar ruwan firiji a cinyarsa, ya ce, "Ikon Allah! Ashe sanyi ma magani ne."

Wallahi na ji kamar in shaƙe shi. Ban ce na'urar nan za ta ceci Yaya ba. Ko yau ba ta san hanyar Kiéché ba. Da yana raye dariya zai yi, ya ce shi bai roƙi na'ura ba, ga randa nan a tsakar gida.

Abin da ya bar mini ke nan: duk majinyacin da na je dubawa, da ruwan sanyi nake zuwa. Kawu kuwa ya kwanta ciwo tun azumi. Jiya ya aiko in kai masa ƙanƙara. Na aika masa da bargon Yaya.