Shuɗiyar Kwalbar Malam Kar-a-Taɓa

An haifi marigayin, wanda aka fi sani da Malam Kar-a-Taɓa, a shekarar 1934, a wani gari na bakin kogi. Mahaifinsa mai gyaran sikeli ne, mahaifiyarsa kuwa turare take sayarwa a ƙofar ɗakinta.

Karatu

An sa shi makaranta a 1941, amma haƙiƙanin iliminsa a gida ya same shi. Wajen uba ya koyi gane nauyin tsohon kwabo da tafin hannu, wajen uwa ya koyi wanke kwalba ba tare da ya kankare zanenta ba.

Sana'a

A 1956 ya buɗe shago a layin 'yan gwanjo, inda ya shahara wajen tantance tsofaffin kuɗin ƙarfe da kwalaben turare, har ya zamana hukuncinsa ne ke raba gardama kan abin da ya yi ƙaranci a duniya. Aƙidarsa ita ce, kwalbar da aka fasa hatiminta ta zama gama-gari. Duk wanda ya miƙa hannu kan kantarsa sai ya sha tsawa, kuma nan laƙabin ya samo asali.

Aure da iyali

A 1960 ya auri 'yar wani tela maƙwabcinsa, mace mai barkwanci da son ƙamshi. A shekarar ne ya mallaki wata shuɗiyar kwalba mai duhu, murfinta a liƙe, turare na motsi a ciki, wadda bai sake ganin irinta ba. Da maiɗakin ta haifi ɗan fari, ta roƙi ɗigo ɗaya tak, ya ce a bari sai babbar rana. Haka ya ce da aka aurar da 'yarsu. Takan yi dariya ta ce, "Malam, hancina fa ya tsufa yana jira." Shi kuwa amsarsa ba ta wuce, "Ki yi haƙuri, ranar na nan tafe."

Shekarun ƙarshe

A 2003 Allah Ya yi mata rasuwa. Kafin a fita da ita, ya ɗauko kwalbar, ya fasa hatimin da hannunsa domin a shafa wa likkafaninta. Kaico! Ko ɗigo babu. Turaren ya daɗe da bushewa, sai baƙin tabo a gindi. Ya yi kuka a gaban 'ya'yansa, abin da ba su taɓa gani ba, kuma daga ranar bai ƙara tantance kwalbar kowa ba.

Rasuwa

Ya rasu a 2009 bayan gajeriyar jinya, aka binne shi a maƙabartar da aka kai ta. Ya bar 'ya'ya uku: babbansu malamin makaranta, mai bi masa direba, sai autarsu ungozoma, da jikoki da dama. Kwalbar tana hannun auta. Bisa wasiyyarsa ta cika ta da turaren kasuwa, kuma duk wanda ya shigo gidan sai an shafa masa. Murfin ma ya ɓata, ba wanda ya neme shi.