Kwalbar da Ta Kwana a Kabo

Jikata ce take rubuta wannan, ni ban yi boko ba. Ina faɗa ina kuka, na ce mata ta bar hannunta a kan takarda, hawayen nawa ne.

Malam, maigidana, amai da gudawa ne suka kama shi da damina, bayan ya sha furar da na dama masa. Shekara arba'in ina dama masa fura. Kwana biyu ya zama kamar tsumma, muka ɗauke shi daga Unguwar Tudu zuwa asibiti a Gwarzo. Tun a motar na ji matar ƙaninsa tana cewa ai nonon nan dama ya kwana.

Aka sa masa ƙarin ruwa. Wata ma'aikaciya ta miƙo mini 'yar kwalbar roba mai ɗan cokali a murfinta. Ta ce, "Inna, a samo bayan gidansa kaɗan. Za a kai Kano a duba, a gane ko ƙwayar cutar nan ce da ke bin gidaje. Amma yau za a kai, kuma kada ya sha rana."

Ni na ɗiba da hannuna. Malam ya juya fuska ga bango don kunya. Na ce masa ni ce fa, ba wata ba.

Sai ƙaninsa, Alhaji, ya karɓe kwalbar, wai wannan tafiyar ta maza ce. Ya naɗe ta a leda uku, ya riƙe da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.

A Kabo ya sauka yin azahar. Da yake ba a salla da najasa a aljihu, sai ya ɗora ledar a kan katangar masallaci, rana tsaka. Ya idar, ya haɗu da surukinsa, aka ja shi cin tuwo, daga nan aka tafi ganin wani bijimi. A can ya kwana. Washegari ya tuna, ya ɗauko ta ya kai Kano. Masu gwajin suka ce ta lalace, a kawo wata.

Kafin ya dawo an kai Malam makwancinsa.

Bayan sadakar uku na tare ƙanin nasa a zaure, gaban mutane. Na ce, "Alhaji, ina sakamakon?"

Ya gyara hula. "Haba Yaya, ke ma dai. Da alwalata zan shiga masallaci da ƙazanta?"

"Ba a salla a Kano ne?"

"Kwana ne ya ƙare. Ki yi haƙuri."

Na san kwana ne ya ƙare, ba shi zai koya mini ba. Takardar gwajin nake so, wadda za a karanta a tsakar gida kowa ya ji ko furata ce ko ba ita ba ce. Mutumin da yake cusa hannu har gwiwa a cikin saniya in haihuwa ta zo da gardama, shi ne ƙyamar yayansa ta kama.

Ranar arba'in na tuƙa tuwon sadaka na raba gidaje. Kwano huɗu suka dawo ba a ko buɗe ba, har da na gidan Alhaji. Na zauna a tsakar gida, inda duk mai wucewa zai gan ni, na buɗe nasu na ci.