Jirgin Labbo da Aka Yi wa Daɓe

Tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, a shekarun da mutane ke fara sabawa da ganin Nasara, duk wanda zai haye gulbi a mashigin Bungudu da damina sai ya bi ta hannun Labbo. Shi ne mai fito. Gajere ne, mai faɗin ƙafa, ga taurin kai, in ya ce eh to ko Sarkin Ruwa sai ya yi da gaske. Fiton nan gado ne. Jirgin ma na mahaifinsa ne, an sassaƙa shi da icen maɗaci, kuma a can baya inda matuƙi ke tsayawa akwai ɗan gurbi biyu da dugadugan tsohon suka ci saboda daɗewa. Nan Labbo ke dasa nasa ƙafafun kullum, ya kama gwangwala ya tura.

Aibin jirgin ɗaya ne: santsi. Shekaru da ruwa da tafin ƙafar jama'a sun goge cikinsa har yana ƙyalli. Labbo kansa bai taɓa zamewa ba, don haka a ganinsa laifin masu hawa ne, ba su iya taka ƙasa ba. Tambaya, wata Bafillatana mai tallar nono, ta zame ta yi wa kifaye sadakar ƙwarya guda. Wani falke ya zame da kayan gishiri, ya fito da buhu ba gishiri. Duk aka yi dariya aka wuce. Ranar da surukar Sarkin Ruwa Attahiru ta zame, ƙafafu sama, a gaban surukin nata da rabin gari, ba wanda ya yi dariya. To, a fili dai.

Sarkin Ruwa ya kira shi, fuska a murtuke.

"Labbo, don darajar ubanka nika raga maka. Damana mai zuwa in mutum guda ya zame cikin wanga jirgi, ko ɗan akuya ne, na karɓe fito na ba wani."

Maganar ta shiga Labbo ƙwarai. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a tsakiyar ambaliya, don shi bai iya noma ba, bai iya fatauci ba, gulbin nan kaɗai ya sani. Ya zuba yashi, ruwa ya wanke. Ya shimfiɗa tabarma, ta zame da mutum a kanta, abin ya zama biyu. Ya barbaɗa ƙaiƙayin gero, kai, wannan kam gara santsin, masu hawa suka yi ta susa suna tsalle har jirgin ya kusa kifewa. A haka damina ta wuce, gulbi ya janye ya bar jirgin zaune a kan rairayi.

Wata safiya matarsa Kulu ta kawo masa ruwan alwala, butar ta kife a tsakar ɗakinta. Labbo ya taka wurin da ya jiƙe, ya sake takawa, ya murza diddige. Ko gezau. Ita Kulu kuwa a duk Bungudu ba wadda ta kai ta iya daɓe, wato a zuba tsakuwa da jar ƙasa, mata su taru da madaɓai su yi ta bugu suna waƙa, ana yayyafa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, har ƙasa ta yi tauri.

"Kulu, jirgi za ki daɓe min."

Ta dube shi. "Malam, ɗaki na sani ana daɓewa."

"Shi jirgin mi ne in ba ɗaki mai tafiya ba? Ko dai hannun naki ya mutu?"

Ai kuwa ya taɓo inda yake mata ƙaiƙayi. Ta ɗaura ɗamara ta ce in ta daɓe abu, sai dai jikoki su gaji da ganinsa.

Aka yi gayya a cikin busasshen gulbi. Mata suka cika jirgi, wasu a ciki wasu a gefe suna jiran layi, madaɓi na tashi waƙa na tashi. Matan ƙauyen Kekun Waje suka ji labari suka zo da tasu tsakuwar, wai ta Bungudu ba ta da ƙwari. Na Bungudu suka ce Allah ya kiyaye a rufe aiki da hannun baƙi, suka ƙara wani shafin a sama. Har Tambaya ta zo ta buga nata, ta ce ramuwar nononta take yi. Gurbin dugadugan tsoho ya shige ƙarƙashi tun a zubin farko. Labbo ya ga haka, zuciyarsa ta ɗan sosu, amma ya kau da kai. Kuma wallahi a cikin taron nan kaf, maza da mata, ba wanda ya kawo maganar nauyi. To wa ya taɓa ɗaga ɗaki ya ji nauyinsa?

Daɓe ya bushe ya yi ja wur, gwanin kyau. Aka kwara ruwa, aka sa tsofaffi suka taka, aka kora akuya ta bi ta kai. Ba wanda ya zame. Labbo ya riƙa tafiya a gari kamar an naɗa shi.

Da ruwan farko ya sauko daga wajen Gusau, gari ya fito bakin gaɓa, Sarkin Ruwa a gaba, surukarsa can baya nesa da shi. Labbo ya shiga jirgi shi kaɗai ya tsaya da gwangwala yana jiran ruwa ya ɗaga shi. Ruwa ya zo ya kewaye jirgi. Ya hau rabi. Ya kai baki. Jirgi na nan zaune inda aka daɓe shi. Labbo ya tura, gwangwala ta lanƙwashe, ruwa ya tsallako ciki ya rufe masa idon sawu, ya kama gwiwa, ya kai ƙugu.

Kulu ta ɗora hannu a ka. "Malam, fito! Don Allah fito!"

Ina! Ruwa na dukan ƙirjinsa, shi kuwa yana tsaye ƙyam, ya ɗaga murya.

"Ranka ya daɗe, ka ga na zame?"

"Ba ka zame ba, Labbo," in ji Sarkin Ruwa. "Amma ba ka tafi ba."

Da igiya aka jawo shi. Kafin sati wani mutumin Tsafe ya kawo sabon jirgi mai kaushin gatari, aka ba shi fito. Labbo ya yi daminar nan zaune a gindin ɗorawa yana kallon wani na tura mutane a mashigin ubansa. Ya rame, ya daina musu, wanda shi ne abin da ya fi tayar wa Kulu hankali.

Da rani ya dawo jirgin ya fito daga ruwa, daɓen ko tsagewa bai yi ba. Mata suka fara shanya kuka da barkono a ciki. Labbo ya ɗauki tsohon gizago ya nufi bayan jirgin, ya yi ta sara. Aikin Kulu ne, ba ya tashi da daɗi, sai da hannunsa ya yi kanta kafin jan icen ya bayyana. Ga gurbin nan biyu, sumul, yadda ya bar su.

Ya share ƙasar da hannun riga, ya zuba ruwan buta, ya dasa dugadugansa. Daminar da ya yi a zaune ta sa ƙafar ta manta. Sai ji aka yi tim! Labbo a ƙasa, ƙafafu sama, barkono ya watse.

Kulu ta sheƙo a guje. Ta same shi kwance yana dariya, hawaye na bin kunnuwansa.

"Kulu," ya ce, "santsin Baba na nan."