Abin da Wilf Ya Faɗa wa Matar Hukuma

Wilf Tattersall birkila ne tun yana saurayi, kuma mutum ne da ko a wajen jana'iza bai iya kame bakinsa ba. Gidan da yake ciki a garin Burnley haya suka fara yin sa da matarsa Edna, da aka ba 'yan haya damar saye ya saya. Bayan rasuwar Edna, 'yarsu Lorraine ta dawo da akwatinta daga auren da ya mutu, ta zauna tana kula da shi. In ba gidan nan ba, ba ta da inda za ta sa haƙarƙarinta.

Da hannunsa ya fara rawa, likita ya gaya masa ciwon ƙaruwa zai yi ta yi. Sai Wilf ya je wani taro a otal, inda ake raba shayi da biskit kyauta. Wani mai kwat ya ce musu duk wanda aka kai gidan kula da tsofaffi, gidansa ake sayarwa a biya kuɗin, amma wanda ya cire gida daga sunansa ya danƙa shi amana ya tsira. Nan take Wilf ya sa hannu. Abin da mai kwat ɗin nan bai tsaya a kai ba shi ne, in hukuma ta gane don gudun biya ka yi, za ta ɗauka gidan yana hannunka har yanzu.

To, ga shi Wilf ya sha faɗuwa a matakala, Lorraine ba ta iya ɗaga shi, dole sai gidan tsofaffi. Ranar da ma'aikaciyar hukuma za ta zo tambaya kan wanda zai biya kuɗin, Lorraine ko karyawa ba ta yi ba.

"Baba, don Allah ka ce don sauƙin rabon gado ka yi. Kada ka ambaci likita."

"Aku kika mai da ni?"

"Da aku ne ai da na huta. Gado kawai, ka ji?"

Matar, Misis Greenhalgh, mai fara'a ce, har ta karɓi shayi. Ta ce, "Mista Tattersall, me ya sa ka danƙa gidan amana?"

Wilf ya daɗe yana kallon hannunsa da ke rawa a kan gwiwa.

"Gado," ya ce.

Kai, da Lorraine ta tsaya a nan! Amma tsoro ya sa ta zarce. "Gaskiya ma bai fahimci abin da ya sa wa hannu ba. Kin san tsofaffi, da biskit aka yaudare shi."

Kunnuwan Wilf suka yi ja. "Wa aka yaudara?"

"Baba, sha shayinka."

"Ni da na gina rabin unguwar nan? Likita ya gaya mini inda ciwon nan zai kai ni, na zauna na yi tunani, na rantse ba za ku taɓa gidan yarinyar nan ba. Da hankalina na yi!"

Misis Greenhalgh ta ajiye kofi a hankali. Da gani abin bai yi mata daɗi ba, har ta nemi ba shi hanyar fita.

"Wataƙila ka rikita lokutan ne. Ba bayan ka sa hannu ka ga likitan ba?"

"Kafin! Ke ma mahaukaci za ki mai da ni?"

Matar ta sunkuyar da kai ta rubuta. Wilf ya jingina da kujera, ya juyo wajen 'yarsa yana murmushi, yana jira ta yaba masa. Sai ya tarar ta toshe baki da hannu, hawaye na bin yatsunta.

"To me kuma na yi?" ya ce.